Maki 785: Farautar Kalmomin Ingilishi Tsakanin Lyon da Paris

Wani yammaci ne na watan Nuwamban 2023, ina tsaye a bakin tashar jirgin ƙarƙashin ƙasa ta Guillotière a birnin Lyon, sanyi yana yankan kunne, sai wayata ta yi ƙara. Mai kiran ya yi sallama da Hausar Maraɗi tsantsa. Ya ce wani ɗan'uwa ne ya ba shi lambata bayan sallar Juma'a, an ce masa ina koyarwa.

Na ce, "Haka ne. To, Turancin naka ya kai ina?"

Ya ce, "Turanci kam alhamdu lillahi, Malam. Ai da shi na yi karatu tun daga lakwal."

Na yi ɗan shiru, sannan na ce, "To, me kake nema a wurina?"

Ya ce, "Ingilishi, Malam. Shi ad damuwata."

Sai da na yi dariya. Na manta cewa a bakin da yawa daga 'yan'uwanmu na Nijar, Turanci shi ne yaren Baturen da ya mulke su, wato Faransanci. Tun kafin mu haɗu, kalma ɗaya ta Hausa ta riga ta raba mu gida biyu, ni Bakatsinen Najeriya, shi Bakatsinen Maraɗi, alhali kakanninmu gari ɗaya suka fito kafin jihadi ya sa wasu suka yi arewa.

Da muka zauna washegari a ɗakin karatu na Part-Dieu, sai na gane maganar ta wuce ta dariya. Yana shekarar ƙarshe a wata makarantar injiniyoyi da ke yankin Lyon. Lissafi da kimiyya ba su taɓa ba shi wahala ba. Amma a Faransa akwai hukumar da ke kula da shaidar zama injiniya, ana kiranta CTI, wadda aka kafa tun 1934, kuma ta gindaya sharaɗi: ba za a ba ɗalibi shaidar ba sai ya nuna Ingilishinsa ya kai matakin da ake kira B2 a ma'aunin harsuna na Turai, kuma da jarrabawar da wata hukuma ta waje ta shirya. Yawancin makarantu jarrabawar TOEIC suke karɓa. Tambayoyi 200 ne a cikin awa biyu, 100 na sauraro a minti 45, 100 na karatu a minti 75. Cikakken maki 990 ne, abin da aka fi nema kuma 785. Shi a gwajin da makarantarsu ta yi musu, 610 ya samu.

Ga ɗan ƙasa, rashin wannan maki jinkiri ne kawai. Ga baƙo kuwa, takardar izinin zama ce a kan siraɗi, domin katin shekara guda da ake ba wanda ya gama karatu don neman aiki, sai da shaidar kammalawa ake samunsa. Ga shi kuma a lokacin zumunci ya yi tsami tsakanin Yamai da Paris tun bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023. An daina ba da biza a Yamai, kuma a farkon Janairun 2024 aka rufe ofishin jakadancin Faransa a can gaba ɗaya. Idan ya koma gida ya jira, bai san ranar dawowa ba. Mahaifinsa ɗan kasuwa ne mai ƙaramin ƙarfi, kuma gona aka sayar aka yi masa kuɗin jirgin zuwa.

Ni dai Faransanci na karanta a Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya, na yi zaman da ake yi a ƙauyen koyon Faransanci na Badagry, sannan na zo Lyon yin digiri na biyu. Koyar da Ingilishi kuɗin haya ne ya tura ni cikinsa. Na ɗauka tun da da shi na yi firamare da sakandare, to na iya koyar da shi. Wannan zato ne ya ja wa yaron nan asarar wata uku.

Abin da na yi masa shi ne abin da aka yi mana. Na samo jerin kalmomin ofis da na kasuwanci daga wani littafin shirin jarrabawa, na riƙa ba shi 50 kowane mako, kowace da fassararta ta Faransanci a gefe. Ranar Asabar in tambaye shi, ya amsa 48 ko 49. Yaro ne mai kaifin hadda, wanda ya sauke Alƙur'ani kafin ya shiga sakandare. Duka muka riƙa murna. A watan Fabrairu ya biya kuɗin jarrabawa, wanda ya haura Yuro 100, daga ɗan abin da yake samu a aikin jera kaya a kanti. Sakamako ya fito: 655. Da na ɗauko jerin makon farko na sake tambayarsa, a cikin 50 bai kawo 15 ba. Bai ce mini komai ba. Ya dai ce, "Malam, Allah bai nuhwa ba." Da ma ya zage ni da ya fi mini sauƙi.

A makon ne na hau jirgin ƙasa mai gudun nan da ke kai mutum Paris cikin awa biyu, na wuce ɗakin karatu na BULAC da ke gunduma ta 13, a ginin da INALCO take, makarantar da ake koyar da harsunan duniya har da Hausa. Na shiga ne da niyyar duba ƙamus. A nan na fara riƙe ƙamusun Faransanci da Hausa na Bernard Caron da Ahmed Amfani na 1997, ga kuma na Bargery na 1934 da nauyinsa kamar bulo. Amma abin da ya fi amfanata shi ne rubuce-rubucen masu binciken yadda ake koyon kalmomi, musamman wani malamin jami'a a Wellington ta ƙasar New Zealand mai suna Paul Nation.

A wani bincike da ya wallafa a 2006, Nation ya nuna cewa kafin mutum ya karanta jarida ko littafin labari na Ingilishi ba tare da taimako ba, yana bukatar ya san kashi 98 cikin 100 na kalmomin da ke shafin, wato kalma ɗaya tak a cikin 50 ce za ta zama baƙuwa gare shi. Hakan kuwa yana bukatar sanin gidajen kalmomi 8,000 zuwa 9,000. Don sauraron magana, 6,000 zuwa 7,000. Abin da ake nufi da gida shi ne kalma da 'ya'yanta, kamar yadda karanta da karatu da makaranta da makaranci suke gida ɗaya a Hausa. Kalmomi 2,000 da suka fi yawo, irin waɗanda Michael West ya tattara a jerinsa na 1953, suna ɗaukar kimanin kashi 80 na rubutu. Kashi 80 yana da daɗin ji har sai an gwada. Da na koma Lyon na ɗauki sakin layi ɗaya na labarin Hausa, na shafe kalma ɗaya a cikin kowace biyar da baƙin alƙalami, na miƙa masa. Ya juya takardar sama da ƙasa, ya ce, "Malam, Hausa ce, amma ban san wa ya mutu wa ya yi aure ba." Na ce to, haka Ingilishi yake a idonka.

Lissafin ya fara tsorata mu. Dubu takwas a wata huɗu ko biyar, ai ba a fafe gora ranar tafiya. Sai dai da muka zauna muka duba, muka ga yaron ba da hannu biyu ya zo ba. Rumbuna biyu gare shi cike da hatsi, bai taɓa buɗe su ba.

Na farko Hausar da ya sha a nono. Maraɗi garin kasuwa ne da ke shaƙar numfashi ta Jibiya da Katsina da Kano, don haka ko da yake yana cewa lakwal da mushe da kaye da bik, waɗanda Faransanci ya bar musu, yana kuma cewa mota da direba da birki da taya da fasinja da tikiti. Na ce ya rubuto mini duk kalmar da ya san ta tasha da gareji. Ya kawo fiye da 40. Muka bi su ɗaya bayan ɗaya muna cire musu rigar Hausa. Bai taɓa sanin bokiti da famfo da fenti da siminti da sukurudireba Ingilishi ne ba. Da muka shiga kotu muka tarar da lauya da joji da beli da fursuna, har da sammaci, wanda asalinsa *summons* ne. Asibiti *hospital*, tasha *station*, kananzir *kerosene*. Kwabo ma daga *copper* ya fito, sisi daga *sixpence*, sule daga *shilling*. Amfanin wannan bai tsaya ga yawan kalmomin ba, don ba su da yawan da za su ci jarrabawa. Abin da ya canja shi ne fuskarsa. Ya daina kallon Ingilishi kamar baƙon da bai taɓa shiga gidansu ba.

Sai dai na gargaɗe shi cewa kalmar aro takan canja hali a gidan miji. Kanti daga *canteen* ya zo, amma Bature in ya faɗe ta wurin cin abinci yake nufi. Yadi a wurinmu tufafi ne, a wurinsa awo ne ko tsakar gida. Kuma kada a wuce gona da iri wajen neman asali. Mun taso ana ce mana boko daga *book* aka samo shi, sai ga Paul Newman a 2013 ya nuna kalmar Hausa ce ta asali mai ma'anar algus ko yaudara.

Rumbu na biyu ya fi girma nesa ba kusa ba, shi ne Faransanci. A shekarar 1066 Normandawa suka tsallaka teku daga arewacin Faransa suka ci Ingila da yaƙi, kuma na tsawon ƙarnoni Faransanci ya zama yaren fada da kotu da masu hannu da shuni. Talaka mai kiwo yana cewa *cow* da *sheep*, mai gida da ake kai wa naman a tebur yana cewa *beef* da *mutton*, waɗanda duk mai jin Faransanci zai gane su nan take. Wani ƙidaya da Finkenstaedt da Wolff suka yi a 1973 a kan kalmomi kimanin 80,000 na wani ƙamusun Oxford ya nuna kusan kashi 28 daga Faransanci suka fito, wasu kusan 28 daga Latin. Akwai kuma jerin gidajen kalmomi 570 na rubutun ilimi da Averil Coxhead ta fitar a 2000, waɗanda ke ɗaukar kimanin kashi 10 na littattafan jami'a. Na buga masa jerin na ce ya yi wa duk wadda ya gane alama. Sai da alƙalaminsa ya gaji. Abin da ɗalibin Kano yake kwana yana hadda, ɗan Maraɗi ya gaje shi kyauta daga mushen lakwal.

A nan ne na gane babban kuskurena. Rabin kalmomin da na riƙa ba shi a jeri ya riga ya san su. Yana cin 48 ne domin ina tambayarsa abin da ke aljihunsa. Waɗanda ke kayar da shi kuwa ko kallonsu ban yi ba, domin ni a wurina su ne masu sauƙi.

Ƙananan kalmomi ne, gajeru, na asalin Ingilishi. Yana gane *abandon* da *continue* da *discover* ko cikin barci, amma a jarrabawar sauraro ma'aikaciyar ofis ba ta faɗar su. Cewa take yi *give up*, *carry on*, *find out*. Ya san *put*, ya san *off*, amma da aka ce an yi *put off* ɗin taro, sai ya zaɓi amsar da ke cewa an kashe fitila. Ya yi fushi ranar. Ya ce, "Wanga yare babu tsari. Ya za a haɗa kalma biyu a samu ta ukku wadda ba ta kama da ko ɗaya?"

Na ce, "To, fassara mini wannan da Faransanci: ya ci amanata."

Ya fassara. Na ce, "Ina cin yake? Da cokali ko da hannu?" Muka shiga jero su. An ci kasuwa, an ci bashi, an ci jarrabawa, an ci mutunci, an ci gaba, an ci sarauta. An sha wahala, an sha iska, an sha kashi, an sha alwashi, an sha kunu. Na ce masa Baturen da ke koyon Hausa a INALCO, in aka ba shi ci da sha a jeri, kowace da fassara ɗaya, ranar da ya ji an ce wane ya sha da ƙyar, ruwa zai je nema. Babu Bahaushen da ya koyi ci daban, amana daban. A haɗe muka same su. Tun daga ranar muka daina rubuta kalma ita kaɗai. Kowace sai da abokiyar tafiyarta: *meet a deadline*, *place an order*, *out of stock*, *make an appointment*. Ni a ganina wannan ne darasi mafi tsada da na taɓa koyarwa, kuma daga Hausa na ɗauko shi.

Rumbun Faransancin ma akwai kunamu a ciki. Tun 1928 wasu Faransawa biyu, Koessler da Derocquigny, suka rubuta littafi a kan kalmomin da suka laƙaba wa sunan abokan ƙarya, wato masu kama ɗaya a harsunan biyu amma ma'ana daban. *Library* ɗakin karatu ne, ba kantin littattafai ba. *Actually* tana nufin a haƙiƙa, ba a halin yanzu ba. *Attend* halarta ne, ba jira ba. Wadda ta fi haɗari ita ce *demand*. A Faransanci roƙo ne na ladabi, a Ingilishi kuwa neman abu ne da gadara. Ya nuna mini wasiƙar da ya aika wa wani kamfani a Holan yana neman gurbin koyon aiki, ga ta nan a layin farko. Ba su amsa ba. Wadda ta ƙi zama a kansa sam ita ce *eventually*. Faransancinsa yana raɗa masa cewa "wataƙila" ce, alhali "daga ƙarshe" take nufi.

Saura kunne. Kalmar da ido ya sani ba lalle kunne ya san ta ba. Yana ganin *culture* ko *development* a takarda ya gane, amma in Ba'amurke ya furta, sai ta wuce shi kamar iska, domin Faransanci yana dora nauyi a gaɓar ƙarshe, Ingilishi kuwa yana dora shi inda ya ga dama ya haɗiye sauran. A nan ma Hausa ta yi rana. Kunnen da ya saba raba fari na launi da fari na rashin ruwa da fara ta ci, ba zai kasa jin inda murya ta hau ba, in dai an ce masa ya saurara. Muka riƙa ɗora ɗigo a kan gaɓar da ke da nauyi a kowace kalma. Kuma yana da harafin h a bakinsa, don haka bai taɓa rikita *hungry* da *angry* ba kamar abokan karatunsa Faransawa. Inda Hausa ta ci amanarmu, ni da shi duka, shi ne p da f. Mun yi mako guda a kan *copy* da *coffee*, kuma a jarrabawar da rabinta hirar ofis ce, wannan ba wasa ba ne.

Maganar mantuwa kuwa, shi ya warware ta da kansa. Ina ba shi labarin wani Bajamushe, Hermann Ebbinghaus, da ya nuna tun 1885 cewa yawancin abin da aka haddace yana zubewa ne a kwanakin farko in ba a waiwaye shi ba, da kuma wani Sebastian Leitner da ya fito da dabarar akwatin katuna a 1972, sai ya katse ni. Ya ce, "Malam, ai tishi ke nan." Gaskiya ya faɗa. A makarantar allo ba a wanke allo sai karatu ya zauna, kuma bayan an wanke ba a yi sallama da shi ba, ana komawa baya ana tilawa. Ni ne na riƙa wanke masa allo kowace Asabar ba tare da tishi ba.

Muka samo kwalin takalmi muka raba shi gida biyar. Kowace kalma da katinta: a gaba Ingilishi cikin gajeriyar jimla, a baya ma'ana. Sabon kati yana gidan farko, ana duba shi kullum. In ya amsa daidai ya matsa gida na biyu, wanda ake dubawa bayan kwana uku, sai na mako, na mako biyu, na wata. In ya kuskure, ko daga gida na biyar ne, kati ya koma farko. Akwai manhajar waya mai suna Anki da ke yin wannan lissafin da kanta, kuma daga baya ya koma kanta don yin bita a cikin jirgi. Amma na fi son a fara da kwali, saboda hannun da ya rubuta yana taya kai riƙewa. Kalma goma sabbi a rana, ba ƙari. Sannan minti 20 na karanta abu mai sauƙi da minti 20 na sauraro, domin kati gabatarwa kawai yake yi, sabo sai an yi ta haɗuwa a hanya.

Wani abu da na lura da shi, kuma har yanzu ina mamakinsa: a bayan katin, in kalmar ta ilimi ce yakan rubuta Faransanci, in kuwa ta motsi ce ko ta zuciya sai ya rubuta Hausa. A bayan *give up* ya rubuta "saduda". A bayan *overdue* ya rubuta "bashin da ya kwana biyu". Akwai malaman da ke haramta yaren gida a ajin Ingilishi, mu ma an ci mu tarar kwabo a firamare saboda yin Hausa. Ban yarda da su ba. Nation kansa yana goyon bayan fassara da harshen uwa a bayan kati, kuma malamanmu na zaure sun yi ɗaruruwan shekaru suna karantar da Larabci kalma da kalma da Hausa, sun fitar da malamai.

Ana cikin haka labari ya kai Paris, aka nemi in riƙa zuwa Asabar biyu a wata. A bayan wani shagon atamfa da leshi muke zama, kusa da Château Rouge a gunduma ta 18, inda in ka rufe ido ka ji ƙamshin daddawa da busasshen kifi sai ka rantse kana kasuwar gida. Su shida ne, babu ɗalibin jami'a ko ɗaya. Mai shagon wata Hajiya ce 'yar Damagaram da ke saro kaya a Dubai. Ranar farko na fito da jerin Coxhead, ta dube shi ta dube ni ta ce, "Ɗana, ni ba digiri nake nema ba. So nake in ce ya yi tsada, a rage, kuma in gane in sun ce kaya sun taso." Na mayar da takardata jaka. Muka zauna ta ba ni labarin cinikinta daga saukar jirgi har shigar kaya kwantena, ina tsamo kalmomin da take bukata. Ba su kai 200 ba. Ba ta karanta boko sosai, don haka katunanta saƙon murya ne a WhatsApp, ni in faɗa, ita ta maimaita ta turo. Lissafi ne kawai ya ba mu wuya, domin kanta yana ƙirga kuɗi da dala da jikka, sai ta juya su zuwa Yuro, sannan Dirhami, kafin a zo ga Ingilishi.

Akwai kuma wata ƙanwarmu daga Tawa da ke gyaran ɗakuna a otal. Gasar Olamfik ta 2024 tana ƙaratowa, za a buɗe ranar 26 ga Yuli, an ce musu duk mai ɗan Ingilishi za a iya matsar da shi wurin karɓar baƙi. Ita tawul da zanin gado da makulli da lif da karin kumallo muka sa a gaba, da yadda ake ba baƙo haƙuri in ɗakinsa bai kammala ba. An matsar da ita na wata biyu, bayan gasar aka mayar da ita inda take. Ta ce ba komai, yanzu ta san ƙofar. Har yau tana zuwa aji.

Daga baya wani abu ya faru da ya ƙara wa ajin mutane. A watan Maris na 2025 Nijar ta fitar da sabon kundin tafiyar da ƙasa, wanda ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa, ya kuma sanya Ingilishi da Faransanci a matsayin harsunan aiki. Ko me mutum yake gani game da siyasar abin, iyaye a Paris sun fara tambayata ta ina yaro zai fara. Amsar da nake ba su ba ta yi wa wasu daɗi: kada a bari Hausarsa ta zube. Na ga yaran da aka haifa a nan ba sa jin ci da sha na Hausa, kuma in na zo bayanin *give up* ba ni da tsanin da zan ba su su taka.

Shi kuwa mutumin Maraɗi, a watan Yuni ya sake zama ya samu 760. Maki 25 suka rage, abin da bai wuce tambayoyi ƙalilan ba. Ya gama koyon aikinsa a ƙarshen bazara, takardar zamansa kuma saura 'yan makonni. A wannan tsakanin na daina karɓar kuɗinsa, don ina ganin bashin wata uku yake bi na. Kullum bayan sallar asuba sai ya turo mini hoton gidan farko na kwalin, in ga ko ya ragu. A watan Oktoba ya zauna karo na uku. Ina cikin jirgin Paris saƙonsa ya shigo, babu sallama babu komai, lamba ce kawai: 805.

Yanzu yana aiki da wani kamfanin ruwa a kusa da Grenoble. Kafin ya tashi ya kawo mini kwalin takalmin a cikin leda, ya ce in ba na baya. Wata ɗaliba ce daga Ƙonni ta gaje shi, mai karatun aikin gona. Da ta buɗe ta tarar gida na biyar a cushe har murfi ba ya rufuwa, gidan farko kuwa kati ɗaya ne ya rage a ciki, gefensa duk ya yi baƙi don shafa. Ta ɗago ta karanta, ta ce, "*Eventually*. Malam, wannan ai na san ta. Wataƙila ke nan, ko?"

Na ce ta mayar da shi inda ta same shi.